Wai dafin maciji a harshe yake ko a wutsiya?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a gonarmu ta hanyar Mirriya ƙanena ya kashe kububuwa wajen ɗaurin hatsi, ya sare mata kai, sai tsohonmu ya daka mishi tsawa wai kar ya kuskura ya taɓa kan, a gina rami a rufe shi. To tun dare ake gardama a fada har shayi ya huce, wani ya ce dafin a harshe yake, wani ya rantse a wutsiya. Masana a raba mu.

Mushe Zango:
Amin alaikumus salam. Duk sun faɗi, tsoho ne da gaskiya. Dafin yana cikin 'yan jakunkuna biyu a bayan idanu, in ya yi sara sai naman wurin ya matse su dafin ya biyo ta cikin fiƙa, don rami gare su kamar allurar likita. Na kububuwa da kasa dogaye ne, a kwance suke cikin baki sai za a yi sara su miƙe. Harshen da yake ta zarowa ƙamshi yake ɗauka da shi, ba ya harbi. Kuma kan da aka sare yana iya cizo ko bayan awa guda.

Na Garin Malam:
Mushe to gardawa fa da ke cire musu haƙori?

Mushe Zango:
Wani ke fitowa ai, akwai na jira a bayansa. Gardin da ya manta lissafi shi ke shan mamaki.

Majo:
Ni kububuwa na fi tsoro wallahi, ƙarama ce amma dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya dawo gida yana hira garas, washegari ka ga dasashi na zubar da jini, fitsari ma jini. A asibiti muna ɗibar jini a kwalba mu aje minti 20, in bai daskare ba to sai allurar maganin dafi. Don Allah a bar tsaga wurin da reza da ɗaure ƙafa tamau da roba, a ɗauko mutum kawai kar ya yi tafiya. Kumurci kuma in ya tofa a ido ruwa za a yi ta zubawa.

Ɗan Birni:
Na gode yaya Majo. Mai cewa wutsiya shi zai sayi sukarin yau.