Mako guda a Kuala Lumpur da ƙaramin guzuri: ina neman shawarar waɗanda suka san garin

Malamin Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka san birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya, ko ta hanyar karatu ko ta kasuwanci. Ƙanena zai kammala karatunsa a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, kuma na ƙudurta, in Allah Ya yarda, zan halarci bikin yaye su tare da maiɗakina, mu yi kimanin mako guda. Shi a ɗakin kwanan ɗalibai yake zaune, ga hidimar kammalawa ta sha masa kai, saboda haka ba na so in ɗora masa nauyin yawo da mu. Wani mai harkar tafiye-tafiye ya kawo mini tsari da ya haɗa otal da mota da ɗan rakiya, amma kuɗin da ya yanka ya kusa kai na tikitin mutum guda, ni kuwa albashin koyarwa nake ci. Shin mutumin da yake jin Turanci amma bai taɓa zuwa yankin ba zai iya zagaya garin da kansa? A wace unguwa ya kamata mu sauka, kuma mene ne ya cancanci a kashe masa kuɗi? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon ɗalibi, Daura

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya sanya albarka a karatun ƙanenka. Ka bar maganar ɗan rakiya gaba ɗaya, domin Kuala Lumpur gari ne da jirgin ƙasa ya ratsa ta kowace kusurwa, allunan tashoshi a rubuce suke da boko, kuma yawancin mutanen da za ka tambaya hanya suna jin Turanci.

Filin jirgin saman yana Sepang, tazarar fiye da kilomita 50 daga tsakiyar gari, kuma a nan ne baƙo yake fara ɓarnar kuɗi. Jirgin KLIA Ekspres yana kai mutum babbar tashar KL Sentral cikin minti 28, amma ringgit 55 ne kowane mutum (ringgit shi ne kuɗin ƙasar), wato ku biyu ringgit 110. Bas tana kaiwa tashar guda a kan kimanin ringgit 15 cikin awa ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Idan kuwa kaya sun yi yawa, motar da za ka kira ta manhajar Grab galibi ba ta kai kuɗin tikiti biyu na jirgin ba, kuma har ƙofar masauki za ta sauke ku. Ka sayi layin waya tun a filin jirgi, da fasfonka za a yi maka rajista, domin manhajar ba ta aiki sai da intanet.

Babbar shawarata ita ce ka riƙe sunan layi ɗaya, layin Kelana Jaya. Shi ne ya bi ta KL Sentral, da Pasar Seni, da Masjid Jamek, da Kampung Baru, da KLCC inda tagwayen benayen Petronas suke, ya ƙare a Gombak, inda bas ko ƙaramar mota za ta ƙarasa da kai jami'ar. Duk otal ɗin da za ka kama, ka tabbatar bai wuce tafiyar minti biyar da ƙafa daga ɗaya daga cikin waɗannan tashoshin ba. Ni a ganina kewayen Pasar Seni ya fi, saboda ƙananan otal-otal sun yi yawa a wurin, ga shi nan ne layin ya haɗu da na Kajang. Kowannenku ya sayi katin Touch 'n Go ya zuba masa kuɗi, kuma 'yan ringgit kaɗan ne kowace tafiya a cikin gari. Ka kuma sani ana karɓar harajin ringgit 10 a kowane ɗaki kowane dare daga baƙon da ba ɗan ƙasa ba, sau da yawa a teburin otal ake biya, kada ka ɗauka cutarka aka yi.

Akwai yini guda da za ku cika shi da ƙafa kawai, kusan ba tare da kashe komai ba. Ku fara da Masjid Jamek da sassafe, masallacin da aka buɗe a 1909 a daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu. Daga nan 'yar tafiya ce zuwa filin Merdeka, inda aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 31 ga Agusta 1957, ga ginin Sultan Abdul Samad na 1897 yana fuskantarsa. Ku ci gaba zuwa babban masallacin ƙasa, Masjid Negara, wanda aka kammala a 1965, mai ɗaukar mutum 15,000 da hasumiya mai tsawon mita 73. A bayansa kaɗan gidan adana kayan fasahar Musulunci yake, kuma idan za ka biya kuɗin shiga wuri ɗaya tak a duk tafiyar nan, to ka biya na wannan. Akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu daga ƙasashe daban-daban, da tufafi, da makamai, da ɗaki guda na ƙananan samfurorin manyan masallatan duniya, har da na Makka da Madina. Malamin makaranta irinka ba zai fito ba sai ya shafe awa uku.

Ku riƙa fita da wuri. Garin yana da zafi mai gumi, ba irin busasshen zafinmu ba, kuma ruwan sama ya fi saukowa bayan Azahar zuwa La'asar, da ƙarfi da tsawa, musamman daga Oktoba zuwa Disamba da kuma wajen Maris da Afrilu. Abin da ake gani a fili a gan shi da safe, gidan tarihi da kasuwa mai rufi a bar su zuwa yamma.

Hajiya mai harkar mayafai, Katsina

Malam, barka da wannan arziki. Ɗan'uwanmu na Daura ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ban yarda da shi ba a kan masauki. Pasar Seni tana manne da kasuwar Sinawa ta titin Petaling, inda gidajen abinci da yawa suke sayar da naman alade da giya, kuma mutumin da ya zo da iyalinsa zai ta lissafin inda zai ci. Ku matsa tasha ɗaya gaba, ku sauka a kewayen Masjid Jamek, wajen titin Masjid India da titin Tuanku Abdul Rahman. Layin jirgin dai shi ne, farashin ɗaki bai bambanta sosai ba, amma kana fitowa za ka tarar da abincin halal ta ko'ina, ga shagunan yadi da mayafai da hijabai a jere, waɗanda maiɗakinka za ta so ta duba. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ta intanet ka karanta bayaninsa da kyau, domin ɗakuna masu araha da yawa ba su da taga ko ɗaya.

Abinci kuwa shi ne abin da ya fi sauƙi. Ku nemi gidajen cin abincin Musulmi 'yan asalin Indiya da ake kira mamak, wasunsu ba sa rufewa dare da rana. Da safe ana samun roti canai, wata gurasa mai laushi da ake ci da romon wake ko na kari, da shayin madara da suke kira teh tarik, duka biyun kuɗi kaɗan ne. Da rana akwai shinkafa da miyoyi iri-iri, kai ne za ka nuna abin da za a zuba maka, amma ka tambayi kuɗin kifi da jatan lande kafin a sa maka, domin su ne suke ɗaga lissafi. Da dare ku je Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da har yanzu take da gidajen katako a tsakiyar dogayen benaye, ku ci nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da yaji da gyaɗa da ƙananan kifi da ƙwai. Yajinsu yana da zaƙi-zaƙi, harshen Bakatsine sai ya ɗan saba. A manyan kantuna ku duba tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar. Titin Alor da ake yawan tallatawa baƙi yana da kyan kallo da dare, amma ban ba ku shawarar cin abinci a can ba.

Ga Hajiyarka: a jiragen KTM Komuter akwai tarago na mata zalla mai alamar ruwan hoda, kuma kusan kowace kasuwar zamani tana da surau, wato ɗakin salla, ɓangaren mata daban, har da hijabin aro. Ta riƙa rataya jakarta ta ɓangaren da ba na titi ba, saboda masu fizge a kan babur. Naira ba ta canzuwa a can, ku tafi da dala sababbi marasa tabo, ku canza kaɗan a filin jirgi, sauran a wajen 'yan canji na cikin gari inda farashi ya fi kyau.

Malamin Ƙofar Ƙaura, Katsina

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Hajiya, hankalina ya kwanta. Zan bi shawarar Hajiya a kan unguwa tunda layin jirgin ɗaya ne. Saura tambaya biyu: hawa benayen Petronas ya cancanci kuɗinsa? Sannan ƙanena ya ambaci kogon Batu, amma na ji an ce wurin bautar mabiya addinin Hindu ne.

Alhaji na Tudun Wada, Daura

Ɗana, kafin a kai ga benaye da kogo, bari in ja hankalinka kan abin da yake hana mutum shiga ƙasar tun daga ƙofa. Ɗan Nijeriya sai da biza yake shiga Malesiya, kuma ofishin jakadancinsu a Abuja yake, don haka ka fara nema da wuri, ka sa ƙanenka ya aiko maka da takardar gayyatar bikin daga jami'a. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga ƙasarmu. Akwai kuma takardar isowa ta MDAC da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka, kyauta ce, kada wani ya karɓi kuɗinka a kanta. Ka buga tikitin dawowa da shaidar kama otal a takarda, ka riƙe su a hannu, domin ana iya tambayarka su. Babu jirgin da yake zuwa kai tsaye, sai an yada zango a Addis Ababa ko Doha ko wani wurin, kuma tikitin nan shi ne zai ci mafi yawan guzurinka, saboda haka ka gwada farashin tashi daga Kano da na Abuja kafin ka biya.

Magana ta biyu ina yin ta da babbar murya. Kada ka karɓi saƙon kowa da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko da wanda ya ba ka ya ce kilishi ne ko yaji zai aika wa ɗansa. Dokar miyagun ƙwayoyi a ƙasar tana kaiwa har ga hukuncin kisa, kuma uzurin cewa saƙo ne ba ya fitar da mutum. Ka riƙa yawo da fasfonka a jikinka, kada kuma ka ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adin da aka buga maka.

Agogonsu yana gaba da namu da awa 7, kuma lokutan salla za su ba ka mamaki, Azahar sai bayan ƙarfe 1, Magariba wajen ƙarfe 7 ko bayanta. Mazhabar Shafi'iyya suke bi, za ka ji liman yana bayyana Bisimilla, yana yin alƙunutun Asuba a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u. Ka bi limaminka, sallarka ta yi. Kogon Batu kuwa, ni ban je ba, kuma ban ga abin da zai kai ni wurin da gumaka suke ba, alhali ga masallatai da ban gama gani ba.

Tsohon ɗalibi, Daura

Allah Ya ƙara girma, Baba Alhaji, maganar saƙo gaskiya ce da ya kamata kowane matafiyi ya ji. Game da kogon, Malam, ga yadda wurin yake, sai ka yanke hukunci da kanka. Dutse ne babba a arewacin gari, kimanin kilomita 13, jirgin KTM Komuter yana kaiwa har bakinsa daga KL Sentral, kuma shiga babban kogon kyauta ne. A ƙofar akwai mutum-mutumi mai ruwan zinari da tsawonsa ya haura mita 42, sai matakala 272, kuma a ciki akwai wuraren bautar da ake amfani da su kullum. Musulmi da yawa, har da 'yan ƙasar, suna zuwa don ganin halittar kogon, wasu kuma suna ƙauracewa kamar yadda Baba ya yi, kuma ban ga laifin kowa ba. In za ku je, ku isa da sassafe kafin rana ta buɗe, kada ku riƙe leda ko abinci a hannu saboda birai, ku kuma kauce wa lokacin bikin Thaipusam na mabiya Hindu a Janairu ko Fabrairu, domin cunkoson ba ya misaltuwa.

Benayen Petronas tsawonsu mita 452 ne, hawa 88, kuma su ne suka fi kowane gini tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Tikitin hawa gadar da ta haɗa su a hawa na 41 da 42 da kuma can sama ya kai kusan ringgit 100 ko fiye ga baƙo, ku biyu kuwa wannan kuɗin abincin kwanaki ne. Ra'ayina shi ne kada ka hau, domin wanda yake cikin benen ba ya ganin benen. Ku je lambun KLCC da ke ƙarƙashinsu bayan La'asar, shigarsa kyauta ce, ku yi Magariba a masallacin As-Syakirin da ke gefen lambun, ku fito ku tarar an kunna fitilun benayen da wasan ruwa a tafkin gabansu. Daga nan gadar Saloma za ta tsallakar da ku da ƙafa zuwa Kampung Baru, inda Hajiya ta ce ku ci abincin dare, sai ku hau jirgi tasha biyu ku koma masauki.

Kuɗin da ka rage ka sa shi a tafiyar Putrajaya, birnin da ma'aikatun gwamnati suke, wanda layin jirgin ƙasa na MRT ya isa tun 2023. Masallacin Putra mai ruwan hoda yana bakin tafki, kuma rabin yini ya ishe ku. Ranar bikin kanta ku baro masauki da wuri sosai, domin daga Masjid Jamek zuwa Gombak ya kai kusan rabin awa a jirgi, ga jiran abin hawa daga tasha zuwa cikin jami'a a ranar da iyalan ɗalibai duka suka nufi wuri guda.