Abincin Suwizalan a Janiba: me baƙo Musulmi zai ci?

Maman Walida: Assalamu alaikum ƴan zaure. A watan Yuni, in Allah ya kai mu, zan bi tawagar ofishinmu zuwa Janiba, babban taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kusan mako biyu. Masaukinmu na kusa da tashar jirgin ƙasa ta Cornavin. Waɗanda suka je bara sun ce daga shawarma sai kebab suka yi ta ci har suka dawo. Ni kuwa ina so in ɗanɗana abincin ƙasar na asali, amma ba na son cin abin da zai bar min shakka a zuciya. Wanda ya san garin ya taimaka.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Hajiya. A nan nake zaune da iyali. Abu na farko da kowa zai ce ki ci shi ne fondue, kuma shi ne wanda ya fi buƙatar hattara. Cuku ne iri biyu, Gruyère da Vacherin na Fribourg, rabi da rabi, ake narkarwa a tukunya bisa ƴar wuta a tsakiyar tebur, kowa ya soki gutsuren burodi da dogon cokali mai yatsu ya tsoma. Matsalar ita ce da farar giyar inabi ake narkar da cukun, wasu har su ƙara kirsch, wata barasa mai ƙarfi da ake yi da ƴaƴan ceri. Mai kawo abinci zai iya ce miki ai giyar ta tashi da tururi. Ba ta tashi duka ba, wutar fondue ba ta kai ta kore ta.

Maman Walida: To ke nan na haƙura da shi.

Ɗan Damagaram: A'a Hajiya, kada ki yi saurin haƙura. Mutanen Fribourg suna da nasu salon na gargajiya da ake yi da cukun Vacherin zalla, kuma da ruwa ake narkar da shi. Ba a ba shi wuta sosai, da ɗumi-ɗuminsa ake ci, sau da yawa da dafaffen dankalin turawa. Ki nemi fondue pur vacherin, sannan ki tambaya da bakinki ko sun sa giya, don kowane kicin da hannunsa. Akwai kuma gidajen da za su haɗa miki na Gruyère ba giya idan kin kira tun da rana kin faɗa. Kalmomi biyu za ki riƙe, sans alcool da sans porc, wato ba giya, ba naman alade. Da su za ki zaga Janiba gaba ɗaya.

Anti Ladidi: Ni raclette zan ce ki fara da shi, ƙanwata. Abincin makiyayan tsaunukan Valais ne. Ana raba curin cuku biyu, a kara fuskar da wuta, in ta narke a kankaro ta da wuƙa a zuba a faranti, ga ƙananan dankali da ɓawonsu, ga ƴan kokwamba da albasa masu tsami. Babu giya a cikinsa ko ɗigo. Abin lura kawai farantin busasshen nama da ake kawowa tare, don yawanci akwai na alade a ciki. Ki ce ba kya so tun kafin su kawo. Ki nemi gidan da ake kankaro shi daga curin gaban idonki, ya fi wanda ake yanka falle-falle a sa a ƙaramin kasko daɗi nesa ba kusa ba.

Baban Sadik: Ku dai kuna ta maganar cuku, ita kuwa Yuni za ta je. Su kansu ƴan ƙasar a lokacin sanyi suka fi cin fondue da raclette. Da zafi ya shigo, bakin Léman, tafkin da Janiba take gefensa, suke komawa su ci kifi. Hajiya, filets de perche za ki nema. Ƙananan fallen kifi ne marasa ƙaya, a soya su da man shanu, a matsa lemon tsami, a haɗa da soyayyen dankali da salak. A wurina wannan ne abincin Janiba na haƙiƙa, kuma shi ne mafi kwanciyar hankali ga Musulmi. Ki ce meunière kike so, wato na man shanu, don wasu suna yin miyarsa da giya. Sannan ki duba takardar abincin. Kifin tafkin Léman ba ya isar masu nemansa, saboda haka da yawa daga abin da ake sayarwa daga wasu ƙasashen Turai ake shigo da shi. Inda aka rubuta du lac ko du Léman, shi ne na tafkin, ya fi tsada kuma ya cancanci kuɗinsa. Akwai wani kifin tafkin kuma, féra, ya fi tsoka, shi ma kada ya wuce ki.

Ɗan Damagaram: Gaskiyar Alhaji ne. Kuma daga masaukinki tafiyar ƙafa ce zuwa Bains des Pâquis, wata mashiga cikin tafkin daura da Jet d'Eau, ruwan nan da ke tashi sama mita 140. A 1988 mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a suka hana a rushe wurin, har yau ƙungiya ce ke tafiyar da shi. Suna da abincin rana mai rahusa, akwai na marasa cin nama, ka ɗauki farantinka ka zauna a dogon benci da kowa da kowa. Fondue ɗinsu ya yi suna amma da giya mai kumfa ake yin sa, wannan ki bar shi. In kuma faɗa miki gaskiya, wurin ninƙaya ne, da rani za ki ga mutane da kayan wanka. Idan hakan zai takura miki, ki je da sassafe ki karya kumallo da birchermüesli, alkamar oat da aka jiƙa da madara ko yogot da gurzajjen tuffa. Wani likita a Zurik, Bircher-Benner, ya ƙirƙiro shi wajen 1900 don majinyatansa.

Malam Habu Kumasi: Maganar nama fa? Ba wanda ya taɓo ta.

Ɗan Damagaram: Malam, tun 1893 Suwizalan ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, don haka naman halal na yankan da muka sani shigo da shi ake yi, mafi yawa daga Faransa. Gidan abinci na gargajiya, in bai rubuta halal ba, to ba shi ba ne. Kowa da fatawar da yake bi kan yankan Ahlul Kitabi, ni dai a waje kifi da cuku nake ci, nama kuma a gida ko a unguwar Pâquis. A can akwai gidajen Labanawa da Turkawa da Indiyawa da ƴan Habasha, ga mahauta na halal.

Anti Ladidi: Bari in lissafa miki waɗanda za ki kauce wa. Longeole tsiran alade ne na Janiba, suna alfahari da shi ƙwarai. Papet vaudois shi ma da tsiran alade yake zuwa. Émincé à la zurichoise naman maraƙi ne, amma akwai giya a miyar. Rösti kuwa, gurzajjen dankali da ake toyawa kamar babbar waina, ki ci da ƙwai ko cuku a kai, sai dai ki ce sans lardons, saboda salon mutanen Bern da gutsattsarin naman alade ake yin sa. Ki tambaya ma da wane mai aka toya.

Maman Walida: Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. Kuɗi fa? An ce garin akwai tsada.

Baban Sadik: Akwai tsada, ba a yi miki ƙarya ba. Dabarar ita ce ki mai da abincin rana babban cinki. Kusan kowane gidan abinci yana da plat du jour, wato abincin da suka ware wa ranar, daga sha biyu zuwa biyu na rana, faran ashirin da wani abu na kuɗin ƙasar, abin da da dare zai iya kai ki ninki. Biyu na yi kicin ya rufe, sai wajen bakwai na yamma. Ladan mai kawo abinci yana cikin lissafin, in kin ji daɗi ki cike canjin kawai. Ruwan famfonsu mai kyau ne, ki ce une carafe d'eau, in ba haka ba na kwalba za a kawo miki a caje ki. Ranar da aljihu ya yi sanyi, akwai wurin cin abinci a saman kantin Manor kusa da Cornavin, ki zaɓa da idonki ki biya. Ki kuma karɓi katin sufuri na kyauta da ake ba baƙin otal, yana shiga bas da taragon cikin gari da ƙananan jiragen ruwan nan masu ruwan ɗorawa da ke tsallaka tafkin.

Anti Ladidi: Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai na cikin tashar Cornavin da na filin jirgi. Ki yi cefanenki tun Asabar. Kantin Migros ba ya sayar da giya, ni nan na fi sakewa. Ki gwada Rivella, lemon kwalba ne da ake yi da ruwan madara, ba barasa a ciki.

Maman Walida: Na so in riƙo kilishi da dambun nama don ranar da abin ya gagara.

Ɗan Damagaram: Hajiya don Allah ki bar su a gida. Doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashen da ba na Tarayyar Turai ba, za a ƙwace a filin jirgi. Yajinki ki riƙo, zai yi miki amfani, don abincinsu ba barkono. Ranar Juma'a kuma ki hau bas mai lamba 3 zuwa Petit-Saconnex, can babban masallaci yake, wanda Sarki Khalid na Saudiyya ya buɗe a 1978. Bayan salla za ki haɗu da ƴan uwa na Nijar da Najeriya da Senegal, su ne za su nuna miki inda aka buɗe sabon wuri. Ki sani a Yuni magariba sai wajen tara da rabi na dare, ki ci abincin darenki kafin ta.

Malam Habu Kumasi: Idan ta Zurik za ki dawo, ki tsaya gidan abincin Hiltl, kusa da titin Bahnhofstrasse. Tun 1898 suke dafa abinci ba nama, a awo ake biya. Suna yin irin wancan abincin maraƙin na Zurik ba da nama ba, sai dai ki tambayi abin da ke cikin miyar.

Anti Ladidi: Tsarabar yara kuma cakulan. Masana'antar cakulan ta Favarger ta Janiba ce tun 1826. Ki karanta bayan kwali, duk inda kika ga kirsch ko liqueur ko marc de champagne ki ajiye. Kafin ki baro garin ki ci meringue da kirim mai kauri na Gruyère, ƙwai da sukari da madara ne kawai.

Maman Walida: Madalla. Daren farko kifi, Asabar raclette, fondue kuma sai na kira na ji ta bakinsu. Malam na Damagaram, mu shida ne, sai mun kama tebur tun da wuri?

Ɗan Damagaram: Ƙwarai Hajiya, musamman a makon taro, garin cika yake. Ki kira kwana biyu kafin ranar, ki faɗi adadinku da maganar giyar a lokaci guda. In Faransancin zai ba ki wahala, ki turo min ranar ta akwatin saƙo, uwargida za ta kira muku.