In sayar da RTX 3060 ɗina in sayi 5070, ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Tun 2021 nake amfani da katin hoto na kwamfuta, RTX 3060 mai ma'ajiyar 12GB. Da ƙyar na same shi, lokacin da masu haƙar kirifto suka kwashe katuna. Wata bakwai ina tara kuɗi, wani ya karɓa ya yi ta min yawo da hankali, sai da muka kai ruwa rana kafin ya mayar min. Shi ya sa nake ji da katin nan. To yanzu da na kunna wasa mai nauyi sai fankokin su ɗauki ƙara, hoto ya riƙa sarƙewa idan an shiga cunkoso. Ina kuma haɗa bidiyo. Kuɗin 5070 sun haɗu, amma hannuna ya kasa sakin su.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kada ka saya, ɗan uwa. Katinka 12GB, shi ma 5070 12GB, bayan shekara huɗu. A Janairun 2025 shugaban Nvidia, kamfanin da ke ƙera katunan nan, Jensen Huang, ya ce 5070 zai yi aikin 4090, babban katinsu mai tsada, a kan dala 549. Gaskiyar zancen, da fasahar DLSS 4 ake kai wannan lissafin: katin ya zana firam (hoto) ɗaya na gaske, AI ya cusa har uku. Lamba za ta hau, hoto ya yi santsi, amma hannunka a kan linzami ba zai ji ƙarin sauri ba.

Mai Zane: Malam Injiniya, ka matsa da yawa. Ko ba a kunna wannan ba, 5070 ya kai ninki biyu na 3060. Kuma tunda yana bidiyo, 3060 ba ya iya fitar da AV1, wani tsarin matse bidiyo, sabon kuwa yana yi.

Injiniya: Ninki biyu a wane sikirin? Da wane furosesa? Bai faɗa mana ba. Wat nawa PSU ɗinka, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta? 3060 na jan 170, 5070 na jan 250, kuma 650 ake so ka tanada masa.

Tsohon Hannu: Ni dai abin da ke ci min rai, na sayi kati na hannu bara, mai shi ya rantse bai taɓa haƙar kirifto da shi ba. Wata biyu sikirin ya cika da ɗigo-ɗigo kore. Har yau ba ya ɗaga wayata. Mutane ba sa tsoron Allah wallahi.

Mai tambaya: Allah ya mayar maka da alheri, Yaya. Malam Injiniya, PSU ɗina 500 ne, kuma bai taɓa kashe min kwamfuta ba. Sikirina 1080p mai 60Hz, ni ya ishe ni.

Injiniya: To ka ga ni ko? Sikirin da ba ya wuce firam 60 a daƙiƙa, me zai nuna maka? Ka buɗe katin, ka kaɗe ƙura, ka sake man da ke kan cif ɗin, ka kunna DLSS. In kuɗin ba za su zauna ba, sikirin za ka fara canzawa.

Ɗan Ja: Ku kun manta da AMD, kamfanin da ke gogayya da Nvidia. Katinsu RX 9070 ya fito a Maris 2025 da 16GB, farashin fitowarsa ɗaya da 5070.

Mai Zane: Mai haɗa bidiyo ya fara duba ko manhajarsa ta fi jituwa da CUDA, fasahar katunan Nvidia, tukuna.

Mai tambaya: Na gode muku, amma ni ba na son buɗe katin, ina tsoron in lalata shi. Kuma in na ƙara jira, wa zai saye shi da daraja? Akwai wanda ya taɓa sa 5070 a kan PSU mai wat 500?