Farar wuta da sabbin ganyen kabeji, a taimaka min

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Ni ɗalibi ne a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, a lakca an ce mana farar wuta ce ke kunna enzayim (furotin masu hanzarta aikin sinadarai) a cikin ganye, wallahi na haddace amma ban gane ba. Ga kuma babana yana noman kabeji a Gyinyase, nan Kumasi, sabbin ganyen tsakiya sun ɗashe sun yi rawaya, na ƙasa kuma kore shar, ya zuba yuriya har sau biyu shiru. Akwai alaƙa kuwa?

Yaya Asawase: Wa alaikumus salam ƙanina, akwai sosai. Furotin yana da wani amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) mai suna sistayin, shi ke ɗauke da farar wuta, to in guda biyu suka riƙe juna sai su zama kamar kwaɗo a jikin enzayim ɗin. Da rana ta fito, haske yana tura ilektoron daga feredoksin zuwa tiyoredoksin (ƙananan furotin ne masu jigilar ilektoron), shi kuma ya je ya buɗe kwaɗon, sai enzayim irin su FBPase da PRK su hau aikin haɗa sukari, dare na yi kwaɗon ya sake rufewa don kada shuka ta ɓarnatar da ƙarfinta a banza. Bob Buchanan da abokan aikinsa a Berkeley ta Amurka suka gano wannan a shekarun 1970. Ni dai abin yana burge ni har yau. Akwai kuma wani sinadari mai suna gulutatayon, shi ma da sistayin a ciki, yana kare enzayim daga lalacewa, in ya yi yawa kuma shi ke sa shuka ta rage ɗaukar salfet, wato farar wutar da saiwa ke zuƙa daga ƙasa.

Baba Manomi: Yaro ni ban san su tiyo-wane ba, amma wannan ciwon na san shi. In naitirojin ne ya gaza tsofaffin ganye ke fara rawaya. Na tsakiya kuwa ka ce wa babanka ya bar yuriya ya nemi salfet na amoniya, ya zuba kaɗan nesa da gindi ya bi da ruwa.

Yaya Asawase: Gaskiyar Baba ce, farar wuta ba ta saurin tashi daga tsohon ganye ta koma sabo, shi ya sa ƙananan ke fara jigata. Yuriya naitirojin ce zalla kashi 46, salfet ɗin kuma yana da farar wuta wajen kashi 24. Amma ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe, shi ma haka yake farawa daga sama, a duba jijiyoyin ganyen, in sun tsaya kore to mai yiwuwa ayon ne.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka da alheri. Asabar zan je gonar in duba, zan turo hoto insha Allah.