Wace tawadar sublimeshin ce za ta zauna lafiya da ƙaramar firinta?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sana'ar buga kofuna da riguna ku taimaka min. Ina da firinta Epson L3210 wata huɗu kenan ina buga takardu da ita da tawadar da ta zo da ita, sai na ce bari in fara kofunan rabon biki da rigunan walima tunda na samu injin matsi, na je wani shago a nan Kano sayen tawadar sublimeshin, wato wadda zafi ke shigar da ita jikin kofi ko riga, mai shagon ya ce min ai tawada duk ɗaya ce kawai in zuba a kan wadda ta rage a tanki, na zuba, to wallahi kofi goma sha biyu na ɓata, hoton amarya ya fito a dushe kamar ya shekara a rana, baƙin kuma ya koma ruwan ƙasa. Tawadar ce ba ta dace ba ko ni ce ban iya ba? Kuma akwai tsohuwar Canon a ajiye, in mayar da aikin kanta ne?

Sani Mai Riga:
Wa alaikumus salam Hajiya. Canon ɗin nan dai bar ta inda take. Ita da HP na tebur kansu, wato wurin da ke feso tawada a kan takarda, zafi yake amfani da shi, yana ɗan tafasa tawadar kafin ya feso ta, ita kuma tawadar sublimeshin zafi ne ke tayar da ita, kin ga tun a cikin kan za ta fara lalacewa ta toshe shi. Epson kanta piezo ne, girgiza yake ya turo tawada ba wuta a ciki, shi ya sa kike gani yawancin masu harkar nan Epson suke riƙe, L3210 ɗinki ta yi daidai ba matsalarta ba ce. Matsalar haɗin da aka sa kika yi ne. Tawadar takarda ba ta zama tururi ta shiga jikin kofi, a kan takardar take zama, to abin da kika buga rabi da rabi ne, ta yaya launi zai cika. Ki samo sirinji ki zuƙe tankunan huɗun tas, ki zuba sabuwa, sannan ki yi ta buga shafi cike da launi ɗaya ɗaya har ta cikin tiyo ta ƙare, takarda za ta tafi kam amma gara takarda da kofi. Kar ki yi ta danna wankin kan firinta ba ƙaƙƙautawa, soson da ke shan ragowar tawada cika yake firinta ta tsaya cak.

Abu Fodiyo:
Malam Sani ya gama magana a kan kai. Ni abin da zan ƙara wurin sayen ne. Ki tsaya a kan kamfani ɗaya, kar yau shuɗi na wannan gobe ja na wancan don an rage miki ɗari biyar, kaurinsu ba ɗaya ba ne kuma launin ma ba ya zuwa ɗaya. Ni SubliNova ta InkTec nake amfani da ita, ta Koriya ce, a Epson L805, ita kala shida take sha har da shuɗi mai haske da ja mai haske, ke taki kwalba huɗu kawai kike buƙata kar a ɗora miki shida. Ki duba jikin kwalba an rubuta ta Epson ce, ki duba ranar lalacewa, hatimin baki kuma ba a ɓalle ba, wadda aka ɗura a gora ba suna ba komai ko kyauta ce ban so. Ki tambayi mai sayarwa fayil ɗin ICC na tawadar, shi ke gaya wa kwamfuta yadda za ta haɗa launi, in babu shi fatar mutum sai ta dinga fitowa ja-ja. Kuma ki sani in tawadar da ba tasu ba ta lalata firinta garantin Epson ba zai yi miki aiki ba, wanda yake da hali akwai SureColor F100 ko F170 da aka yi su don wannan aikin da tawadarsu.

Ummu Sadik:
'Yar uwa baƙin da ya koma ruwan ƙasa ni ina zargin zafi ne ya yi yawa ko kin daɗe ba ki cire ba, in bai gasu ba kuma kore-kore yake yi. Riga wajen digiri 190 zuwa 200 nake sa wa, daƙiƙa 50 zuwa 60, kofi kuma kusan minti uku. Sannan kofin ma sai mai rufin sublimeshin, na kasuwa da ake shan shayi ba ya kamawa, riga kuma sai foliyesta fara ko mai haske, auduga wanki ɗaya ya tafi, na taɓa yin guda ashirin na 'yan islamiyya a kan auduga sai da na biya kuɗin rigunan daga aljihuna, har yau abin yana min ciwo. Kada kuma ki tsorata in kin ga hoton a dushe a kan takarda, haka yake, sai ya ji wuta yake tashi. Ga hunturu na tafe, ki rufe firintar da ƙyalle saboda ƙura, ko ba aiki ki buga ɗan shafi duk bayan kwana biyu uku don kar kan ya bushe.

Maman Ikram:
Allah ya saka muku da alheri, na gode sosai. Kofunan masu rufi ne, amma minti biyar nake barinsu, ashe har da wannan. Gobe in sha Allah zan zuƙe tankunan. Malam Sani kamar shafi nawa zan buga kafin in sake gwada kofi?

Sani Mai Riga:
Ba adadi tsayayye Hajiya, ki yanki tsumman foliyesta fari ki dinga gwadawa a kai bayan kowane shafi biyar, in baƙi ya fito baƙi wuluk sai ki ɗauko kofi.