Wannan "sync" ɗin da ke cikin burauza, me za mu kira shi da Hausa?

Salamu alaikum jama'ar Zango. Dan Allah masu Hausa ku matso kusa, akwai kalmar da ta hana ni sakat tun ranar Talata, kuma ba wai neman iya magana nake ba, asara ce na gani da idona a shagona nan Adum wajen masu waya.

Wani kawuna mai sana'ar goro ya zo zai canza waya, tsohuwar zai ba yaron gidansa. Kafin ya iso ashe ya sa yaron ya share masa komai a Chrome na tsohuwar wayar, har da kalmomin sirri da ya adana da shafukan da ya yi wa alama, wai ai an ce masa "suna ajiye a Google". Muka kunna sabuwar, muka shiga akawun ɗinsa, wayam. Ya dube ni ya ce "ɗana ba kai ka ce min an ajiye ba?" Wallahi jikina ya yi sanyi, don ni ne na faɗa masa haka shekara biyu da suka wuce lokacin da na kunna masa abin. Na ce masa ajiya ce. Kalmar da na ba shi ita ta yaudare shi.

Toh shi ya sa nake cewa kalmar farko da za mu fitar daga lissafi ita ce "ajiya". Ajiya a Hausa amana ce, ka ba Mma kuɗinka ta ƙulle a bakin zani ko ta sa a ƙasan akwati, ko aljihunka ya yage kuɗin na nan. Shi wannan abin ba haka yake ba. Abin da ka yi a waya shi zai faru a kwamfuta, abin da ka yi a kwamfuta shi zai faru a waya, ka ƙara ya ƙaru ko'ina, ka goge ya gogu ko'ina matuƙar akawun ɗaya ne kuma akwai data. Kowace na'ura tana kai labari can wajen kamfanin, sauran su ɗauko su gyara nasu.

Da daddare na kai maganar majalisar ataya a Aboabo, aka yi ta kai ruwa rana. Wani ya ce mu bar shi "sinki" kawai tunda haka yara ke faɗa. Ni ban ƙi aro ba, ai kwamfuta da intanet da burauza duk aro ne kuma sun zauna daram, amma sinki a kunnen Mma wurin wanke kwano ne, kuma ko ta karɓa bai gaya mata komai game da haɗarin ba. Wani ya ce "haɗawa". Ya yi faɗi da yawa, caja ma haɗawa ake, bulutut ma haɗawa. "Kwafi" kuma ya fi kowanne haɗari don in ka yi fotokwafi ka yaga ɗaya ɗayar na nan lafiya.

Malaminmu na makaranta da ke zama da mu ya kawo "daidaita sahu", kuma gaskiya ta burge kowa, mutane da yawa a layi ɗaya motsi ɗaya. Sai wani ɗan'uwa da ya yi zama a Kano ya ce a can in ka ce adaidaita sahu keke mai ƙafa uku za a tsayar maka, irin piragiya ɗinmu na nan Kumasi. Kaga sunan ya riga ya samu mai shi. Aka dawo kan "daidaitawa" zalla, wadda ita na fi ji a bakin masu fassara, kuma ba laifi gare ta, ta dace a rubuta a kan maɓalli. Matsalata da ita ɗaya ce, kawu zai ji daidaitawa ya ɗauka gyara ne, kamar an daidaita agogo, ba zai taɓa kawowa a ransa cewa share nan share can ba ne.

Ni dai ga tawa: tagwaitawa. A tagwaita waya da kwamfuta. Kowa a Zango ya san abin da tsofaffi ke faɗa kan tagwaye, in Hassan ya yi zazzaɓi a shirya wa Husaini magani, in ka saya wa ɗaya riga dole ka saya wa ɗayan. Ka ce wa mutum "wayarka da kwamfutar shago tagwaye ne yanzu", ba sai ka yi dogon bayani ba, da kansa zai tambaye ka to in na goge nan fa? Wannan tambayar ita nake so kalmar ta haifar. Kuma tana juyuwa a baki yadda ake so: na tagwaita, a tagwaice suke, bai tagwaitu ba netwok babu, kashe tagwaitawa kafin ka ba yaro wayar.

Na ga masu cewa tagwaye biyu ne, to in na'ura uku ce ko huɗu fa. Gaskiyarku. Amma yawancinmu biyun ne, waya da laftof ko tsohuwar waya da sabuwa, in ta ukun ta zo ai Gambo ne, gida ɗaya suka fito. Ban ga wannan ya isa ya kada kalmar ba.

Sai ɓangare na biyu wanda shi ma ba mu da suna tsayayye, wato kariyar kayan da ake tagwaitawan. Don ku tuna abin da ke tafiya ba ƙarami ba ne, tarihin duk inda ka shiga, adireshi, kalmomin sirri na imel da Facebook da shafin makarantar yara, duk a bayan ƙofa ɗaya. Kuma burauzoji ba hali ɗaya gare su ba. Firefox tun da suka sa abin a cikin burauzarsu a 2011 a kulle kayan ke barin na'urarka, su kansu Mozilla masu Firefox ɗin ba sa iya karantawa, yanzu makullin daga kalmar sirrinka ake ƙera shi. Shi ya sa in ka manta ka sake sabuwa ba tare da makullin ceto da suke bayarwa ba, abin da ke wajensu ya tafi, sai dai wanda ya rage a na'urarka. Chrome kuwa a yadda yake zuwa makullin na hannun Google, sai in kai ka shiga setin ka sa wata jimla ta daban wadda kai kaɗai ka sani, ita ma in ka manta ba mai dawo maka da ita. Masu iPhone kalmomin sirrinsu da ke iCloud Keychain su ma a kulle suke irin wanda Apple ba ya buɗewa.

Wasu sun ce "ɓoyewa", wasu "sirrantawa". Ɓoyewa bai yi min ba, abin da aka ɓoye in an gano shikenan an gani, shi kuwa wannan ko ɓarawo ya ɗauke rubutun a dagule zai same shi ba kai ba gindi. Ni "kullewa" nake cewa a shago, sai in raba gida biyu yadda duk wanda ya taɓa zaman haya zai gane: akwai ɗakin da mai gida ke riƙe da safayan makulli, akwai wanda kai ka sayo kwaɗonka. Kullen mai gida da kullen kanka. Kullen kanka ya fi sirri amma in makulli ya ɓata ba wanda za ka buga wa ƙofa, don haka a rubuta jimlar a takarda a sa inda ake ajiye Ghana Card da takardun haihuwa, wannan kam ajiya ce ta gaske. Shi kuma makullin ceton, "makullin ko-ta-kwana" wata 'yar'uwa daga Nima ta rubuto min, na karɓa hannu bibbiyu.

Tabbaci mai mataki biyu da ake turo lamba a waya bai ba mu wahala ba, nan take aka ce "ƙofa biyu", zaure da ƙofar ɗaki. A kunna shi dan Allah, kuma lambar da aka turo kar a karanta wa kowa a waya, daidai da yadda ba ka ba kowa lambar sirrin MoMo ɗinka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na wuraren firintin. Mutum zai je fitar da fom, ya shiga akawun ɗinsa a Chrome na kwamfutar wurin, ta tambaye shi ko a kunna tagwaitawa ya danna eh don sauri, ya karɓi takardarsa ya hau tirotiro. Ya bar tagwayen wayarsa a kan tebur ɗin mutane. A irin wurin nan a buɗe taga ta baƙo, in kuma an riga an yi kuskuren a shiga akawun ta waya, ɓangaren tsaro akwai jerin na'urorin da ke ciki, a fitar da wadda ba a sani ba sannan a canza kalmar sirri.

Mu da muka ba ƙasar nan waake da koko da ƙosai da tuwon zafi har kowa na faɗa ba tare da ya san daga bakinmu suka fito ba, kalma ɗaya ta waya ba za ta gagare mu ba. 'Yan'uwa na Kano da Zinder da Maraɗi in kuna da wadda ta fi tagwaitawa ku kawo, sharaɗina kawai ta sa mai ji ya gane goge nan goge can ne. Kawu ya dawo jiya muka sake saita kalmomin sirrinsa ɗaya bayan ɗaya ta lambar wayarsa, bakwai muka samu, biyu har yanzu muna nema. Da zai tafi ya ɗaga tsohuwar wayar ya ce "to ɗana raba min tagwayen nan kafin in ba yaro."