Barkonon da ya fito a lambu ba a san irinsa ba

A hirar masu lambun gida a Samaru kan yadda za a gane irin wannan barkono da abin da za a yi da shi, yawanci sun ce a fara duba fure. Attaruhu yakan fitar da biyu ko uku a gaɓa ɗaya, shambo da tattasai kuwa ɗaya-ɗaya. In barkonon ya nuna, a yanki ɗan bakinsa a ɗanɗana tukuna, domin zafin yana cikin farar jijiyar da 'ya'yan ke maƙale. Idan ya ƙona baki, nono ne magani, ruwa ba ya kashe raɗaɗin.

Wata uwargida ta ce mai tsananin zafi a shanya shi a daka yaji da citta, mai ƙamshi kuma ya shiga miya. Shawarar da na fi gamsuwa da ita: kada a ajiye irinsa in yana kusa da tattasai, ƙudan zuma na gauraya su, baɗi wani abu daban zai fito.